Larabar Mas'udu

Jama'a, kafin ku yanke mini hukunci ku bari in kai ƙarshe. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, kuma da wani ya ce mini ina da kishi da na yi masa dariya. Ban san kaina ba sai ranar da wata 'yar na'ura ta yi ƙara a kan kujerar falonmu.

Sunana Najiba. A shekarar 1998 ina zaune a Guangzhou tare da yayana Ghali, a wani gida mai ɗaki biyu, hawa na biyar, a unguwar Sanyuanli. Muna kusa da filin jirgin Baiyun, har idan jirgi zai sauka sai kofunan shayinmu sun yi rawa a kan tire. Yaya Ghali yana sayen yadi da kayan yara a kasuwar Shahe yana aikawa Kano, ni kuma ina koyon Sinanci a jami'a, da niyyar in bakina ya faɗa in karanta haɗa magunguna. Hausawan garin a lokacin ba mu da yawa, kowa ya san kowa.

Mas'udu ɗan Zariya ne. Ya riga mu zuwa da shekara takwas, ya gama karatun injiniya, sai ya zama tafintan 'yan kasuwa. Duk Alhajin da ya sauka daga Kano shi yake nema, domin shi ke kai su masana'anta, shi ke yi musu ciniki, kuma idan mai shago ya ce "meyo", wato babu, Mas'udu ne zai yi masa magana biyu kaya su fito daga ƙarƙashin kanta. Dogo ne, siriri, mai gilashi, kullum cikin farar riga mai gajeren hannu da aka goge ta yi tsaf. Ba ya yawan dariya. Duk Lahadi yana zuwa gidanmu cin tuwon shinkafa da miyar kukar da Umma ke aiko mana ta hannun matafiya, kuma a kan tuwon nan aka fara, har ya kai ga neman izini wajen Yaya. Yaya ya ce ya ji, amma a bari a gama baje kolin watan Oktoba sannan manyansa su je gida.

Umma kuwa ba ta san wani baje koli ba. Duk Juma'a idan mun kira ta, kafin ta tambayi karatuna sai ta tambayi yaushe mutanen Zariya za su zo. Ta ce ƙawayena duk sun haihu, ta ce mutane sun fara cewa an kai yarinya ƙasar da ba a kiran salla an ajiye. Nakan ce ta yi haƙuri, saura kaɗan.

A lokacin babu wayar hannu sai a wajen manyan masu kuɗi. Abin da kowa ke rataya a ƙugu shi ne feja, 'yar baƙar na'ura da ke nuna lambar wanda ke nemanka, sai ka je ka kira shi. Wata Lahadi cikin watan Yuli Mas'udu ya cire tasa ya ajiye a kan kujera ya shiga alwala. Ina kwashe kwanuka sai ta yi ƙara. Wallahi ba da niyya na duba ba, idona ne ya kai. Lambar waya ce, a bayanta an ƙara 83. Na latsa baya, na ga lambar nan dai, da 82. Na sake latsawa, 81.

Na mayar da ita kan kujerar. Lahadi ta zagayo, ya sake ajiye ta, wannan karon da niyya na ɗauka. 90.

Na zauna a bakin gado da biro kamar mai lissafin jarrabawa. Wani ko wata na ƙirga masa kwanaki, kowace safiya ɗaya. Kwanakin me? Zuciyata ba ta ɓata lokaci ba, ta ce kwanakin haɗuwarsu. Sai na fara tuna abubuwan da a da ban ɗauke su komai ba: duk Laraba da Asabar daga ƙarfe huɗu ba a samun Mas'udu, ko Alhajin da ya fi kowa ne ya nema sai ya ce yana da uzuri. Na taɓa tambaya ya ce wani zama yake zuwa, ya canza magana.

Washegari da na dawo makaranta na tsaya wajen tsohuwar da ke sayar da taba da lemo a ƙofar gidanmu, tana da jar waya da take ba da haya. Na buga lambar. Mace ce ta ɗauka. Ta yi sallamar Sinawa, na yi shiru. Ta yi Turanci, na yi shiru. Sai muryarta ta sauka, ta yi laushi, ta ce da Hausa:

"Mas'udu, kai ne? Ba sai ka yi magana ba. Ina nan, ina jin ka."

Na ajiye wayar a hankali kamar za ta fashe. Tsohuwar ta dube ni ta tambaya ko lafiya, na ce mura ce. Na hau benen nan hawa biyar ina maimaita "ina nan, ina jin ka" har na isa, ina kwaikwayon muryar ina murguɗa baki ni kaɗai. Ranar na ƙona shinkafa, Yaya ya ci ƙanzo bai san dalili ba.

Laraba ana ruwa. Na sa doguwar rigata ruwan toka da mayafi baƙi don kada in yi fice, ko da yake baƙar mace da mayafi a garin nan babu yadda za ta ɓuya. Na tsaya nesa da layin gidansu da lema a kan fuska. Huɗu saura ya fito, ya hau bas, na hau ta ƙofar baya na duƙa bayan wata mata mai kwandon kayan miya. Mun yi tafiya har kusa da kogi. Ya sauka, ya shiga wani lungu, ya tsaya a gaban shagon ganyen shayi.

Tana nan tsaye a bakin matakala.

Zan faɗa muku yadda take, domin a tsaye ɗaya na haddace ta. Ta girme ni da kamar shekara goma. Baƙa ce mai sheƙi, gashinta a yanke gajere, babu ɗankwali, wandon jins da riga ruwan ƙwai, da 'yan kunne zagaye na azurfa. Ba wata kwalliya, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, domin ba ta buƙata. Ta faɗa masa wani abu, ta buga masa kafaɗa, sai Mas'udu ya yi dariya, irin wadda ake jefa kai baya. Wata bakwai yana zuwa gidanmu ban taɓa jin wannan dariyar ba.

Suka hau. Na ƙirga hamsin na bi su. Matakalar katako ce mai warin danshi, a sama akwai ƙofa da ba a rufe duka ba. Na shirya abin da zan gani, har na shirya abin da zan ce. Da na leƙa sai na ga kujerun roba an jera su da'ira, mutum tara a zaune, ga fulas ɗin ruwan zafi da kofunan takarda a kan tebur. Wani tsohon Bature mai farin gemu, wasu Sinawa uku cikin kwat, wata 'yar Filifin, da wasu da ban tantance ba. Kowa ya yi shiru yana duban mutum ɗaya. Sai na ji muryarsa da Turanci:

"Sunana Mas'udu, ni mashayi ne. Yau kwana casa'in da uku ban sha ba."

Suka amsa masa tare, a hankali, kamar masu amsa sallama.

Na jingina da bango. Ya ci gaba da magana. Ya ce a wajen aiki abin ya samo shi. Idan an gama ciniki mai masana'anta yakan shirya cin abinci, a ɗaga kofi a ce "gambe", wanda bai shanye ba kamar ya raina mai gida ne. Alhazai ba sa sha, sai su dubi tafinta, shi kuma don kada ciniki ya lalace sai ya karɓa a madadinsu. Shekarar farko yana fita yana amai yana istigfari. Shekara ta uku shi ke sayen tasa, fara ce kamar ruwa, yana juye ta a robar ruwan sha ya sa a jaka, ba mai ganewa. Ya ce ya sha tsayawa a sahun Juma'a yana tauna kanumfari, yana addu'a kada na kusa da shi ya ji. Daga nan ya ce akwai yarinyar da yake so ya aura, ba ta san komai ba, kuma duk Lahadi idan ta miƙo masa abinci sai ya ji kamar ɓarawo a gidan.

Na san abin da kuke jira in ce. Kuna jira in ce tausayi ya kama ni, ko kuma na firgita da jin giya. Duk sun zo, amma daga baya. Abin da ya fara zuwa shi ne na dubi matar nan na ga tana gyaɗa kai kamar wadda ta sha jin labarin. Ta san ni, ni ban san ta ba. Mutanen ɗakin nan, waɗanda yawancinsu ko sunan garinmu ba su iya faɗa ba, sun san cikin mutumin da zan aura, ni kuma abin da na sani shi ne ba ya son yaji da yawa a miya.

Tsohon Baturen ya hango ni, ya taso ya fito ya jawo ƙofar. Cikin ladabi ya tambaye ni ko don kaina na zo, ya ce idan haka ne akwai kujera. Na sauka da gudu, na bar lemata a can.

A tashar bas Mas'udu ya cim mini, rigarsa ta jiƙe ta manne, gilashinsa duk ruwa. Ya tsaya nesa kaɗan. Ya jira in tambaye shi giyar. Ni kuwa abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wace ce?"

Ya ce sunanta Lami, 'yar Jos ce, tana aiki a wani ofishin aika kaya ta jirgi. Wata safiya ta same shi yana barci a kan dilolin kaya a ma'ajiyarsu, ta gane abin da ke damunsa domin ita ma ta bi ta nan, shekararta shida da dainawa. Ba ta yi masa wa'azi ba, ta rubuta adireshi a bayan takardar awo ta sa masa a aljihu. Sati uku yana yawo da takardar. Sau biyu yana zuwa har gindin matakala yana komawa, a na uku ta gan shi ta taga ta sauko ta hau da shi. Ita ke aiko masa lambar kwanaki kowace safiya, kuma idan abin ya taso masa ita yake kira, wani lokaci ba ya ma iya magana, sai ta riƙe wayar har ya lafa.

"To ni meye amfanina?" na ce.

"Ke ce ba na so ki gan ni a haka, Najiba."

"Amma ita ta gani."

"Ita ba aurenta zan yi ba."

Maganar nan ya kamata ta sanyaya mini zuciya. Ba ta yi ba. Na ce masa zan rufa masa asiri, Yaya ba zai ji daga bakina ba, amma da sharaɗi. Ya daina zuwa ɗakin nan, ya daina kiranta. Na ce mu Musulmi ne, muna da salla, muna da addu'a, ba ma buƙatar zama da baƙi muna tona kanmu. Na ce ni zan riƙa ƙirga masa kwanakin, ni zai riƙa kira. Na yi maganar addini sosai ranar, jama'a, kuma Allah Ya san ba addini ne ke magana ba.

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke gudu a kwata. Bas biyu suka wuce. Sannan ya ce idan haka ne zai sa in zauna, zai gwada.

Makonnin farko na yi farin ciki, ba zan ɓoye ba. Kowace safiya kafin in tafi makaranta ina tsayawa wajen tsohuwa in aika masa lambar. Laraba da Asabar yana zuwa ya ɗauke ni mu zaga bakin kogi, ina cikin atamfata mai ganye da na ajiye don salla, ina jin kamar na ci gasa. Ina dafa masa zoɓo da citta in zuba a roba in ba shi ya tafi da shi wajen aiki.

Kira na farko ya zo wata Talata da la'asar, Yaya ba ya nan. Na ɗauka, shiru, sai numfashi. Na gane shi ne. Na ce ya yi magana mana. Shiru. Na rasa abin yi, sai na fara jero masa abin da na sani: ya ji tsoron Allah, ya tuna mahaifiyarsa, ya tuna irin kunyar da za a sha. Da na gama ya ce, "Na gode," ya ajiye. Kira na biyu kuka na fashe da shi, na ce ashe duk ƙoƙarina bai isa ba, ƙarshe shi ne ya koma lallashina, yana ba ni haƙuri. Bai yi na uku ba, ni kuma na ɗauka ya warke.

Cikin watan Satumba na fito daga aji na tarar da Lami a ƙofar makaranta, riƙe da lemar da na bari. Ta miƙo mini, ta gaishe ni da Hausarta ta Jos, ta ce in ba ta minti biyar. Ta ce ba ta zo ƙwace mini kowa ba. Tana da 'ya'ya biyu a gida da kwalba ta raba ta da su, kuma abin da ke gabanta kenan. Ta ce idan ita ce matsalar za ta janye, tsohon Baturen ya yarda ya riƙa amsa kiran Mas'udu, in dai zai koma zama.

"Ba ni yake buƙata ba, ƙanwata. Ɗakin yake buƙata."

Ga hanya ta buɗe mini, ko ba haka ba? Amma ina kallon 'yan kunnenta suna lilo, ina tuna dariyar nan. Na gane ba ita kaɗai nake kishi ba, har da kujerun robar, har da ƙofar da ake rufewa a bar ni a waje. Na ce mata na gode, amma mijin da zan aura ni zan kula da shi, kuma ni ba ƙanwarta ba ce. Ta dube ni ba fushi, ta ce lambarta tana nan yadda take, ta tafi.

Oktoba ta zo, gari ya cika da baƙi. Cikin waɗanda suka sauka har da Alhaji Maidaji, abokin marigayi mahaifinmu, babban dila a Kano. Mas'udu ne ya riƙe shi kwana biyar. Ranar Asabar suka tafi wata masana'anta a bayan gari, aka gama ciniki, aka shirya musu abinci.

Lahadi na tuƙa tuwo, na kaɗa miya, na sa turare. Azahar ta yi bai zo ba. Na aika masa kira sau huɗu, shiru. Yaya ya fita kai wasu baƙi kasuwa, ni kuma na ja mayafi na nufi gidansu, abin da ban taɓa yi ba. Matar mai gidan ta nuna mini ɗakin tana toshe hanci. Na tura ƙofar. Yana zaune a ƙasa ya jingina da gado, cikin rigar jiya, gilashinsa a gefe ya karye ƙafa ɗaya. Robar zoɓona tana kan tebur ba a taɓa ba.

"Kar ki shigo," ya ce, bai ɗago ba.

Na shiga. Ya ce kofi ɗaya ne. Mai masana'antar ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya dube shi, shi kuma hannunsa ya tafi da kansa ya karɓa. Ya ce a hanyar dawowa ya tsaya a rumfar waya, ya ɗaga, ya rasa wa zai kira: ni zan yi kuka, ita kuma ya yi mini alkawari. Sai ya ajiye ya shiga shagon da ke kusa.

Na tsaya a tsakiyar ɗakin ina neman kalma ɗaya mai amfani a cikin duk abin da na sani, ban samu ba. Na fita na sauka ƙasa, na roƙi matar ta ba ni waya. Da aka ɗauka na ce, "Anti Lami, ni ce Najiba." Ta ce in koma wajensa in ba shi ruwa, tana zuwa.

Ta iso a kan babur ɗin haya kafin minti arba'in. Na shirya wa kallon "ai na faɗa miki", ba ta yi mini shi ba. Ta tsuguna a gabansa ta ce ya tashi ya yi wanka ya yi sallolin da ke kansa. Ta ce yau Lahadi babu zama, amma ta kira mutum uku, kuma duk sun ce suna tafe. Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka karɓar wa kaya. Ni na yi wata uku ina ƙoƙari ban ga haka ba, ita jumla biyu ta yi.

Mu uku muka shiga tasi, shi a gaba, ni da ita a baya. A gindin matakala ya tsaya, ya juyo ya dube ni, yana neman izini. Abin ya soke ni. Na ce, "Hau mana." Suka hau, na bi su har ƙofa, aka rufe, na zauna a kan matakala ta uku daga sama.

Awa ɗaya da rabi na yi a wurin. Ƙamshin ganyen shayi na tasowa daga shagon ƙasa. Ba na jin kalmomi, sai muryoyi. Na ji tasa ta karye, daga baya na ji an yi dariya gaba ɗaya, har da shi. Ina so in ce muku a nan kishina ya mutu. Bai mutu ba. Yana nan zaune kusa da ni, sai dai yanzu na ga abin da ya ci.

Lami ta riga su fitowa da kofin takarda biyu, ta ba ni ɗaya ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tawa. Na ce mata ni na jawo. Ta girgiza kai, ta ce ba ni na zuba masa a baki ba, kuma kada in ɗauki wannan in ɗora wa kaina, domin shi ma wani nau'in son a ce komai nawa ne. Ta ce abu ɗaya take roƙo, kada in ƙara tsayawa tsakaninsa da ƙofar nan. Daga yau tsohon ne zai riƙa amsa kiransa.

Na juya kofin a hannuna. Tambayar da ta hana ni barci wata uku ta fito da kanta.

"Kina son sa?"

Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta kurɓi shayinta, ta dubi bango.

"Ina so ya rayu," ta ce. "Sauran abin da nake ji nawa ne, kuma na san inda zan kai shi."

Ta tashi ta koma ciki. Na zauna da amsar nan a ƙirjina, ban san ko in gode mata ba ko in tsane ta.

Tsohon ya ce shi zai raka Mas'udu gida, don haka na kama hanya ni kaɗai. Na iso ana gab da magariba. A ƙofar falonmu na ga takalmi sau-ciki na fata, ba na Yaya ba. Na yi sallama. Alhaji Maidaji na zaune a kan doguwar kujera cikin babbar riga ruwan madara, carbi a hannu, tuwon da na tuƙa wa Mas'udu a gabansa an ci rabi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya ce shi dai amanar abokinsa ce ta kawo shi, abin da idonsa ya gani jiya ba zai iya komawa Kano da shi a ciki ba. Na dubi hannun da ke jan carbin, na tuna kofin da aka miƙa masa da wanda ya duba. Maganar ta zo har bakina, na haɗiye.

Yaya Ghali bai ɗaga murya ba, shi ba ya yi. Ya dubi gefen rigata da danshin matakala ya jiƙa, ya dubi idona.

"Ba ki yi mamaki ba," ya ce. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun watan Yuli, Yaya."

"Daga ina kike yanzu?"

"Daga inda yake neman magani. Ni na hana shi zuwa, yau na mayar da shi."

Alhaji ya yi salati a hankali. Yaya ya jawo wayar falo zuwa gabansa, ya danna lambar gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi ba zai faɗa ba, ni zan faɗa da bakina, sannan in faɗi abin da na zaɓa. Ta yi ƙara sau uku. Daga inda nake durƙushe na jiyo muryar Umma, cike da murna don ba ranar kiranmu ba ce, tana tambaya ko mutanen Zariya ne suka sa rana.

Yaya ya miƙo mini. Na goge tafina a jikin mayafi na karɓa.

"Umma, ni ce," na ce. "Ki samu wuri ki zauna tukuna."